Bulo Sama da 5,000 Daga Gida Ɗaya: Abin da Muka Gani a Ginin Gidanmu na Jos

Daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da muka haƙa harsashin gidanmu, zuwa watan Oktoba na 2024, lokacin da aka ɗora layin ƙarshe na katangar da ta kewaye shi, ni da maiɗakina mun sayi bulo sama da 5,000 a wuri ɗaya, wato wani gidan bulo da ke gefen hanyar Bauchi idan an wuce jami'a an miƙe hanyar fita gari. Ba zan ambaci sunan gidan ba, domin akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne, kuma ba na son a ɗauki maganata a matsayin talla ko ɓatanci. Gidan da muka gina mai ɗaki uku ne da falo, a kan fuloti mai ƙafa 50 da 100, kuma da albashi da adashi muka yi shi, shi ya sa ya ci shekara biyu. Wanda ya yi shekara biyu yana hulɗa da ɗan kasuwa ɗaya, ya gan shi a lokacin da kaya ke da sauƙi, ya kuma gan shi a lokacin da siminti ya yi tashin gwauron zabo, yana da abin da zai iya faɗa a kansa.

Injiniyan da ya zana mana gidan, wanda kuma ya bi mana takardun amincewa a hukumar JMDB mai kula da tsarin gine-gine a birnin Jos, shi ne ya fara ja mana kunne game da bulo. Ya ce yawancin masu gini suna zuba ido a kan rodi da kwanon rufi domin su ne masu cin kuɗi a dunƙule, sai su bar zaɓin bulo a hannun birkila, alhali wasu birkilolin suna da la'adarsu a gidajen da suke kai mutane. Ya ba mu sharaɗi ɗaya, cewa kada mu sayi bulo mai inci tara a wurin da ake fitar da fiye da 35 daga buhun siminti guda, ya kuma ce kada mu yarda da abin da aka faɗa mana da baki, mu je mu tsaya mu gani da idonmu. Na zagaya gidajen bulo huɗu a ranakun Asabar biyu. A uku daga cikinsu, da na tambayi adadin da suke fitarwa a buhu, sai a yi dariya a ce mini ai nasu "mai ƙarfi ne", ba tare da an ba ni lamba ba.

A na huɗun ne mai gidan, wani dattijo mai ɗan gajeren gemu da yaransa ke kira Alhaji, ya ce mini: "Malam, kada ka tambaye ni. Ga benci can, zauna ka ƙirga." Na zauna kusan sa'a ɗaya da rabi a cikin sanyin safiya. Na ga an farke buhu mai kilo 50, an juye shi a kan yashin da aka auna da baro, an juya shi da shebur a bushe har launinsa ya zama ɗaya kafin a yayyafa ruwa, sannan aka riƙa zubawa a injin da ke girgiza kwaɓin yana danne shi. Buhu na farko ya ba da 34, na biyu ya ba da 35. Na san cewa ana iya gyara hali idan baƙo na kallo, don haka bayan mako guda na turo birkilanmu ba tare da sanarwa ba. Shi bai ƙirga komai ba. Ya je can ƙarshen fili inda aka jera busassun bulo, ya zaro ɗaya daga tsakiyar tari, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa ya sake shi a kan ƙasa mai tauri. Bulon ya faɗi da ƙara, kusurwa ɗaya ta ɗan ɓantare, amma bai rabe ba. Ya ciro ƙusa daga aljihu ya karce gefensa, sai ga farin layi kawai, babu garin da ya zubo. Da ya dawo abin da ya ce mini shi ne: "Yallaɓai, wannan zai wahalar da leburorina wajen ɗauka." A bakin birkila wannan yabo ne.

Yashin da suke amfani da shi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a Jos ba kowane yashi ne na gini ba. Garin nan an shafe shekaru masu yawa ana haƙar kuza a cikinsa da kewayensa tun farkon mulkin Turawa, kuma har yau akwai tarin ƙasar da aka wanke aka zubar a bakin tsofaffin kududdufai, wadda wasu direbobin tifa ke ɗebowa su sayar da arha. Akwai kuma yashin da ake kwasa a kwatami bayan ruwan sama, mai cike da laka da shara, wanda siminti ba ya kama shi yadda ya kamata. Alhaji yana haɗa yashin rafi mai kaushi da garin dutse da ake kawo masa daga wuraren fasa dutse, kuma a ofishinsa, idan za a kira ɗan ɗakin kwanon nan ofis, akwai wata tsohuwar kwalba da yake gwada kowace tifa da ita. Yakan cika rabinta da yashi, ya ƙara ruwa, ya jijjiga, ya ajiye ta a kan taga. Idan ta lafa, yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa, kuma idan kaurin lakar ya wuce abin da ya yarda da shi, tifar ta koma da kayanta. Na ga an kori direba ɗaya a gabana, yana ta rantsuwa yana cewa daga rafi ya ɗebo. Simintin kuwa na Dangote ne a mafi yawan lokuta, wani lokaci na BUA ko na Ashaka idan shi ne ya samu, kuma ana tara buhunan da aka juye a ɗaure su hamsin hamsin, ta yadda mai son lissafi zai iya gwada adadin buhu da adadin bulon da aka buga a ranar.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa na ci gaba da biyan kuɗin da ya ɗara na maƙwabtansu, shi ne ban ruwa. Mutane da yawa suna zaton bulo bushewa yake yi ya yi ƙarfi, alhali siminti da ruwa yake ƙarfi, kuma idan ruwan ya tsere da wuri aikin ya tsaya a rabi, sai a samu bulo mai kyan gani a waje wanda cikinsa gari ne. Yanayin Jos yana haɗa wa mai buga bulo matsala biyu a lokaci ɗaya a watannin Disamba da Janairu: iskar hunturu tana tsotse damshi cikin 'yan sa'o'i, sanyin tudun nan kuma yana rage saurin kamawar siminti, ga shi kuma a wannan lokacin ne kowa ke rige-rigen gini kafin damina. Gidan nan yana da rijiyar burtsatse tasa da tankuna biyu a sama, kuma akwai yaro guda wanda ba shi da wani aiki sai jan tiyo safe da yamma. Kowane layi an rubuta masa ranar da aka buga shi da gawayi a kan bulon farko, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a loda bulo sai ya sha ruwa kwana bakwai ya kuma ƙara wasu kwanaki yana hutawa. Na ce ƙa'idarsu, domin akwai lokacin da suka karya ta a kaina.

Harsashinmu ya ba da wahala, amma ba ta ɓangaren bulo ba. Rabin filin dutse ne, sai da aka ɗauko masu fasawa suka yi mako biyu suna hura masa wuta suna bi da guduma, ɗaya rabin kuma ƙasa ce mai laushi wadda injiniya ya sa aka zurfafa haƙarta har aka tarar da mai tauri, domin ya tabbatar ba tsohon ramin kuza ba ne aka cike. Bulo 900 masu inci tara suka shiga ƙasa, aka cika ramukansu da kankare, aka yi ciko aka daddale, sannan aka zuba jaman fulo, wato kankaren daɓen gida. A cikin 900 ɗin nan guda 11 ne kawai suka fashe tsakanin lodi da saukewa, kuma na ƙirga su da kaina.

Daga nan kuɗi suka ƙare, kamar yadda suke ƙare wa duk mai gini da albashi, kuma a nan ne na san wata hidima ta gidan wadda ba a rubuta ta a allon bakin hanya ba. Mutum yana iya biyan kuɗin bulo kaɗan kaɗan, a rubuta masa adadin da ya saya a kan farashin ranar, a bar kayan a hannunsu har sai ya shirya ɗauka. Maiɗakina ce ta fi riƙe wannan da muhimmanci. Duk watan da ta kwashi adashi, kafin kuɗin su kwana a gida wani uzuri ya taso ya cinye su, sai ta ce mu tafi wajen Alhaji. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, aikin gini ya tsaya cik a unguwarmu saboda lebura ba ya karɓar taransifa, amma Alhaji yana karɓa, sai muka mayar da abin da muka ware wa leburori zuwa bulo. Ta haka muka tara 1,500 a rubuce kafin a cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar, lokacin da kuɗin tifa da na komai suka ɗaga. Da muka je ɗauka a watan Oktoba, farashin bulo ya riga ya hau sosai, kuma na shiga ofishin da shirin jin an ce mini in yi ciko. Bai ce ba. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini layina, ya ce abin da aka rubuta an rubuta, kuɗin mota kawai ya canza. Na san mutanen da aka yi musu akasin haka a wasu wurare, don haka ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu ba.

Sai watan Fabrairu na 2024. Duk wanda ke gini a Najeriya a lokacin yana tuna yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 cikin 'yan makonni, har gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka sanar da cewa farashin zai tsaya tsakanin 7,000 da 8,000, maganar da ta daɗe ba ta iso shagunan da muke saye ba. Muna gab da kai ginin linta, muna buƙatar bulo 600 masu inci shida domin bangayen ciki, kuma waɗannan sabon saye ne a sabon farashi. Ranar da aka kawo su ina wurin aiki. Da yamma na tarar birkilanmu zaune a kan baro ya naɗe hannu, leburori suna tsaye, ba a ɗora ko ɗaya ba. Ya miƙo mini guda. Launinsa ya fi na baya duhu, yana da sanyi a tafin hannu kamar tulun da aka cika, kuma da na murza kusurwarsa da babban yatsa sai ta marmashe ta zubo a kan takalmina. Ya ɗaga wani ya sake shi kamar yadda ya yi a karon farko, bulon ya rabe gida uku. A ƙarƙashin tarin da aka sauke, garin da ya zube ya isa a cika kwanon sarki biyu.

Washegari da sassafe na saka guda biyu a bayan mota na tafi. Alhaji ba ya nan, ya yi tafiya kusan mako biyu, ɗansa ne ke riƙe da wurin, kuma maganar da muka yi da shi ba ta yi daɗi ba. Da farko ya ce direba ne ya yi gudu a kan gargada, daga baya ya ce leburorina ne suka jefar da su. Na kai shi layin da aka ɗebo nawa, na nuna masa ranar da aka rubuta da gawayi, wadda ta nuna kwana uku kacal, sai ya yi shiru, sannan ya ce masu saye ne suka yi yawa kowa yana tsoron farashi zai ƙara hawa. Ina da yaƙinin cewa ba ƙarancin kwanaki ne kaɗai matsalar ba, an kuma rage siminti, domin ko bayan mako uku ina ba waɗanda suka rage ruwa da kaina ba su taɓa kama ƙafar na baya ba, amma wannan ba abin da zan iya tabbatarwa ba ne tunda ban tsaya a wurin kwaɓin ba. Da Alhaji ya dawo ya zo filin da ƙafarsa, ya ɗauki bulon ya juya shi, ya ce: "Malam, wannan ba aikina ba ne, amma daga gidana ya fito." Ya sa aka kwashe 540 da ba a taɓa ba, aka musanya su da wasu bayan kwana goma sha biyu. Kuɗin mota na biyu ni na biya, kuɗin yinin birkila da leburori da aka yi asara ma ni na biya, kuma bai yi tayin raba su da ni ba. Har yanzu ina ganin ya kamata ya yi.

Darasin da ke cikin wannan ga mai niyyar saye a wurin a fili yake: ingancin gidan ya rataya ne a kan mutum ɗaya. Idan dattijon yana zaune a bencinsa komai na tafiya a kan ƙa'ida, idan ya ɗaga sai abin da hali ya yi. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya, tana da ma'aunin ƙarfin da ya kamata bulon gini ya kai, amma a duk zuwan da na yi ban ga wata takardar gwaji a manne a bango ba, ban kuma ji an ce ana kai samfuri wani wuri a danna shi da inji ba. Ƙusa da kwalba da idon Alhaji su ne ɗakin gwajin. Daga wannan lokacin ban sake yarda a kawo mini kaya ba sai na je na zaɓi layin da kaina na duba ranarsa, kuma nakan kira in tabbatar yana gari kafin in tafi.

Kai kaya shi ne rauninsu na biyu, kuma wannan bai gyaru ba har muka gama. Mota ɗaya gare su, tsohuwa, sauran na haya ne. Idan aka ce maka "gobe da safe", ka sa rai da jibi da azahar, kuma sau biyu na biya leburori kuɗin yini suna zaman jiran mota. A watan Agusta, tsakiyar damina, motarsu ta kafe a laka kimanin taku ɗari daga filinmu, direban ya sauke bulo 300 a nan ya yi tafiyarsa, sai da muka kwashe su da baro har bayan magariba. Rasit kuma sai ka nace, domin littafin Alhaji shi ne komai, kuma ko da yake ban taɓa samun kuskure a cikinsa ba, littafi guda da ke ajiye a ɗakin kwano ba abin da mutum zai jingina kuɗin bulo 1,500 a kansa ba ne. Maiɗakina ta riƙa ɗaukar hoton shafinmu da waya duk lokacin da muka biya, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka.

Game da farashi, bulonsu ya fi na gidajen da ke kusa da su tsada da kimanin kashi ɗaya cikin goma. Yayana, wanda ya gina nasa gidan a Rikkos, ya so mu ɗauko masu bugawa da hannu su buga mana a filinmu, yana cewa ta haka ne mutum ke sanin simintin da ya shiga. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya ga wanda ke da rijiya a fili da kuma lokacin tsayawa a kan aiki, amma mu ruwa da tanka muke saye, kuma ni ma'aikaci ne da ba ya tashi sai ƙarfe huɗu, ga shi bulon hannu ba ya dannuwa kamar na inji. Inda muka ga ribar tsadar shi ne wajen filasta. Da yake bulon girmansa ɗaya ne, gefensa a miƙe, bangon ya tashi sambal, bai buƙaci a lafta masa kwaɓi mai kauri domin a ɓoye karkata ba, kuma simintin da injiniya ya ƙiyasta mana na filasta sai da ya yi saura buhu takwas, waɗanda muka mayar wajen sokawe.

Ranar 12 ga Yuli, 2024, lokacin da ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, muna kan aikin katakon rufi. Maiɗakina ba ta yi barci ba a daren, kuma da gari ya waye ta ce sai injiniya ya zo ya sake duba komai kafin a ɗora kwano. Ya zo ya bi bangayen ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da guduma ƙarama, ya duba linta da ginshiƙai, ya tsaya a bangon da ke tsakanin kicin da sito, inda aka riga aka yi amfani da kusan 60 daga cikin bulon Fabrairu a layukan ƙasa ba da sanina ba, ya ce a rushe shi a sake. An rushe shi a cikin rabin yini, da hannu ma ana iya ɓare wasu. Sauran bangayen bai ce a taɓa ko ɗaya ba.

Bulon katanga, 2,000 da 'yan kai, a wurinsu muka sake saye, kuma wanda ya tambaye ni a yau zan tura shi can da sharuɗɗan da na ambata: ya je da birkilansa, ya zaɓi layi mai kwana goma ko fiye, ya tabbatar dattijon yana nan, ya ɗauki hoton littafi, kuma kada ya kira leburori sai ya ga motar ta tsaya a ƙofar filinsa. Mun tare a gidan a farkon 2025, mun ci damina guda a cikinsa, kuma ban ga tsagewa ko jiƙewa a bango ba. A makon da muka tare na lanƙwasa ƙusa uku ina ƙoƙarin rataya agogo a falo, daga ƙarshe sai da na aika aka aro injin huda bango a wajen mai haɗa mana wayar lantarki.